Tambaya da Amsa: Tantanin da ke aiki a cikin ƙwayar halitta

Tambaya: Malam, a darasin bayoloji an ce mana endofilasmik retikulum iri biyu ne, mai kaushi da mai santsi. Mene ne aikin kowanne, kuma ina ruwansa da lafiyarmu? (Ɗaliba daga Zariya)

Amsa: 'Yata, tantani ne siriri mai ninki-ninki, wanda ya taso daga jikin nukiliyas, wato cibiyar ƙwayar, ya bazu cikin ƙwayar halitta, ya zama jakunkuna da bututu haɗe da juna. A 1945 Keith Porter da abokan aikinsa suka fara hango shi da madubin likita mai aiki da ilektron a Amurka.

Mai kaushi, raibosom, wato 'yan ƙananan abubuwan da ke ƙera furotin, ne ke manne a bayansa kamar an watsa masa gero. Su ke zura sabon furotin cikinsa, a naɗe shi yadda ya kamata, sannan a tura shi ga Golji, sashen da ke ƙunshe shi ya aika da shi inda ake buƙata. Wanda naɗinsa ya ɓaci a tsare shi a lalata. Ƙwayoyin da ke haɗa insulin, sinadarin daidaita sukarin jini, cike suke da wannan mai kaushin.

Mai santsi ba shi da raibosom. Kitse yake haɗawa, a tsoka kuma yana ajiye kalsiyam, ya sake shi idan za ta motsa. Amma aikinsa a hanta nake so ki riƙe da kyau, domin nan ne yake sarrafa magunguna.

Ɗauki farasitamol. Hanta tana fitar da mafi yawansa lami lafiya, amma sinadaran da ke jikin wannan tantani suna mai da ɗan kaɗan daga ciki guba. Akwai wani sinadari, gulutatayon, da ke kashe gubar nan take. Idan aka sha fiye da kima sai gulutatayon ya ƙare, gubar ta shiga cin ƙwayoyin hanta.

Shi ya sa babba bai kamata ya wuce giram 4 a awa 24 ba, wato ƙwaya 8 masu miligiram 500, da tazarar aƙalla awa 4 tsakanin sha da sha. Duba kwalin maganin mura, sau da yawa da farasitamol a ciki.

Abin da ya fi damuna, wanda ya sha da yawa yana iya wuni garau a ranar farko, sai bayan kwana biyu ko uku ɓarnar ta bayyana. Makarin gubar ya fi aiki cikin awa 8 na farko, don haka a garzaya da shi asibiti ko bai koka da komai ba.