Tambaya da Amsa: Wa Ke Magana da Yawun Yaro a Gaban Alƙali?

Wasiƙu uku ne suka shigo mana a kan batu guda, wato aikin tsaya wa yara a kotunan Amurka, shi ya sa muka haɗa su a fitowa ɗaya.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ma'aikaciyar walwalar jama'a ce a Amurka, kuma kwanan nan aka ɗauke ni aiki a wani shirin CASA (wato shirin wakilan yara na musamman da kotu ke naɗawa) na gundumar da nake zaune, a matsayin mai kula da 'yan sa-kai masu tsaya wa yara a kotu. Da na karanta takardar aikin sai na ga kamar duk tsara jadawali ne da cike takardu. Mene ne ainihin wannan aiki, kuma a ina ya kamata in fi sa ƙarfina?

AMSA: Wa alaikumus salam, 'yar uwa. Allah ya sa wa aikin albarka, ya ba ki ikon riƙe amana. Jadawali da takardu suna nan kam, kuma za su ci lokacinki, amma kafin ki san nauyin kujerar da kika hau sai kin san dalilin da ya sa aka kafa ta.

A shekarar 1977 wani alƙali mai suna David Soukup, wanda ke babbar kotun gundumar King a birnin Siyatil na jihar Washinton, ya rasa sukuni saboda yadda yake yanke hukunci a kan rayuwar yaran da aka ci zarafinsu ko aka yi sakaci da su, alhali bayanin da ke gabansa bai taka kara ya karya ba. Gwamnati tana da lauyanta, iyaye suna da nasu, jami'in walwala yana fama da tarin fayiloli, amma babu mutum ɗaya da ya zauna da yaron ya san shi. Sai ya nemi mutanen gari su ba da lokacinsu kyauta, a horar da su, kotu ta naɗa kowannensu a kan shari'ar yaro guda. Daga nan shirin ya bazu, aka kafa ƙungiyarsa ta ƙasa a 1982, kuma a yau yana aiki a jihohi 49 da birnin tarayya. Tun 1974 dokar tarayya ta hana cin zarafin yara ta shar'anta wa jihohin da ke karɓar tallafinta su naɗa wa kowane irin wannan yaro wakili a shari'a, sannan gyaran da aka yi mata a 1996 ya fayyace cewa wakilin yana iya zama lauya, yana iya zama ɗan sa-kai da kotu ta naɗa.

To abin da alƙalin ya rasa a wancan lokaci, shi ne abin da aka ɗauke ki ki tabbatar ana samu: mutum ɗaya da ya ga yaron da idonsa, ya zauna da shi har ƙarshen shari'a, ya kuma gaya wa kotu abin da ya gani ba tare da ƙari ko ragi ba. Ɗan sa-kai yakan riƙe shari'a ɗaya ko biyu ne kawai. Da takardar naɗin da alƙali ya sa wa hannu yake duba bayanan makaranta da na asibiti, ya tattauna da malamai da mariƙa da iyaye da dangi, ya ziyarci yaron aƙalla sau ɗaya a wata, sannan ya rubuta rahoto kafin kowane zaman kotu. Ke kuwa ƙa'idar ƙungiyar ta ƙasa ta ce kada a ɗora wa mai kula guda fiye da 'yan sa-kai 30, kuma ina ba ki shawara ki riƙe wannan adadi da kyau a duk lokacin da aka so ƙara miki kaya, domin wanda ke bin mutum 50 sunayensu kawai yake bi.

Wurin da nake so ki fi daɗewa a kai shi ne rahoto, domin shi ne abin da ke isa teburin alƙali, kuma ta hannunki yake bi kafin ya isa. A ce wata 'yar sa-kai ta kawo miki rahoto ta rubuta cewa uwar yaron ba ta damu da ɗanta ba. Kada ki gyara mata jimlar, ki kira ta ki tambaye ta abin da ta gani. Wataƙila ta ce uwar ta makara a ziyara uku cikin huɗu da aka tsara. Sai ki tambaye ta ko ta bincika dalili. Idan ta koma ta gano cewa an sa ziyarar ƙarfe uku na rana, uwar kuma tana tashi daga aiki ƙarfe biyu da rabi, ba ta da mota, sai ta canja bas biyu kafin ta iso, to rahoton zai koma cewa uwar ta halarci ziyara huɗu, ta makara a uku, ga dalili, kuma ana roƙon kotu ta sa a sauya lokacin. Jimlar farko tana iya taimakawa a raba uwa da ɗanta har abada, ta biyun kuwa ta ba alƙali abin da zai iya gyarawa a zama ɗaya. Hausawa sun ce gani ya kori ji, kuma a wannan aiki duk abin da ɗan sa-kai bai gani ba, wajibi ne ya rubuta wanda ya faɗa masa da ranar da ya faɗa.

Wannan ya kawo mu ga sukar da ake yi wa shirin, wadda bai kamata a ɓoye miki ba. Mafi yawan 'yan sa-kai mata ne farar fata masu rufin asiri, iyalan da ake tsayawa a kansu kuwa galibi talakawa ne, kuma baƙar fata da Indiyawan Amurka 'yan asalin ƙasar sun fi yawa a cikinsu idan aka kwatanta da yawansu a cikin al'umma. Sakaci ne dalilin da ya fi kowane yawa wajen ɗauke yara daga gidajensu, sakaci da talauci kuwa suna kama da juna ga wanda bai taɓa rasa kuɗin haya ba. Mutum mai kyakkyawar niyya yana iya shiga gida ya ga yara uku a katifa ɗaya, ya fito da yaƙinin cewa gidan riƙo mai ɗaki ga kowane yaro ya fi. Aikinki ne ki koya masa cewa tambayar da doka ke yi ita ce ko yaron zai zauna lafiya a hannun iyayensa, ba wane gida ya fi kayan ɗaki ba. A ganina kuma ya kamata ki fita neman 'yan sa-kai a unguwannin da yaran suka fito, a wuraren ibada da ƙungiyoyin baƙin da suka zo daga wasu ƙasashe, musamman maza da masu jin harsuna biyu, maimakon ki zauna jiran wanda ya ga talla ya kawo kansa.

Abu na biyu shi ne riƙe 'yan sa-kai kada su gudu. Yaron da ke hannun hukuma yakan sauya gida, ya sauya makaranta, ya sauya jami'in walwala, sau da yawa kayansa a cikin baƙar ledar shara ake kwashe su daga wannan gida zuwa wancan. Idan ɗan sa-kai ma ya ɓace bayan wata huɗu, mun ƙara masa mutum ɗaya a jerin waɗanda suka yi alkawari suka tafi. Ki sani kuma shari'ar tana da agogo: dokar tarayya ta 1997 ta ce a yi zaman tsayar da makomar yaro cikin wata 12, kuma idan ya yi wata 15 daga cikin 22 na baya-bayan nan a gidan riƙo, hukuma ta nemi a soke haƙƙin iyaye, sai dai in akwai dalili mai ƙarfi, kamar yaron yana hannun dangi. Wanda za ki ba shari'a dole ya san shekara ɗaya ko biyu zai yi a kanta. 'Yan sa-kai ba su cika barin aiki don wahalarsa ba, sun fi barinsa idan suka ji an manta da su. Ki kira kowa aƙalla sau ɗaya a wata ko da babu matsala, ki zauna kusa da shi a kotu, musamman a zamansa na farko, kuma ranar da alƙali ya ƙi shawararsa ki neme shi a ranar, kada ki bari sai ya kwana da abin.

TAMBAYA: Malam, ni direba ne a Amurka, ban yi karatun lauya ba, amma ina son taimaka wa irin waɗannan yara. Za a karɓe ni? Kuma zan iya kawo yaron gidana ya ci abinci da iyalina?

AMSA: Ɗan uwa, Allah ya saka maka da alheri a kan wannan niyya. Ba a neman takardar lauya ko digiri. Ana buƙatar ka kai shekara 21, ka yarda a binciki tarihinka a wajen 'yan sanda da kundin masu laifin cin zarafin yara, ka kawo mutanen da za su shaide ka, a yi maka ganawa, sannan ka yi horo na awa 30 kafin alƙali ya rantsar da kai, da ƙarin awa 12 a kowace shekara. Yawancin shirye-shirye kan ce ka ware kimanin awa 10 a wata. Abin da ya kamata ka auna tun yanzu shi ne zaman kotu da rana ake yin sa a ranakun aiki, makarantu da ofisoshi ma haka, don haka ka duba ko aikinka zai bar ka.

Maganar kawo yaro gida kuwa, a'a, ƙa'ida ta hana, kamar yadda ta hana ba shi kuɗi ko kyauta mai tsada, ko ba iyalin shawarar shari'a. Na san wannan zai yi maka nauyi, domin zuciya ba ta son ganin yaro cikin rashi ta wuce, amma hanin yana kare yaron daga sa ran da ba za a cika masa ba, yana kare ka daga zargi, yana kuma kare maganarka a kotu, domin da zarar lauyan iyaye ya nuna cewa ka zama ɓangare a cikin rigimar, rahotonka ya rasa nauyi. Idan ka lura yaron yana manna fuskarsa da littafi kafin ya iya karatu, hanyar taimakonsa ita ce ka sanar da jami'in walwala, ka rubuta a rahoto, ka bi diddigi har a gwada masa ido a ba shi tabarau. Haka kuma duk abin da ka sani game da shari'ar sirri ne, ko ga mai ɗakinka.

TAMBAYA: Idan yarinya ta ce gida take so ta koma, amma 'yar sa-kai ta ga akwai haɗari a gidan, maganar wa za ta kai wa alƙali?

AMSA: Duka biyun za ta kai, kowacce a wurinta. An naɗa ta ne don ta faɗi abin da ta ga ya fi zama maslaha ga yarinyar, amma ba ta da ikon binne abin da yarinyar ta ce. Za ta rubuta burin yarinyar da kalmomin yarinyar, sannan ta rubuta shawararta da hujjojinta, hukunci kuma na alƙali ne. A jihohi da dama, idan saɓanin ya yi ƙarfi, musamman ga yaran da suka tasa, kotu takan naɗa wa yaron lauya na dabam wanda zai kare abin da yaron ke so. Ƙasashe sun bambanta wajen wanda ke ɗaukar wannan nauyi, a Ingila misali ƙwararrun ma'aikatan walwala ne na hukumar Cafcass, wadda aka kafa a 2001, amma tushen ɗaya ne da abin da Yarjejeniyar Haƙƙin Yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989 ta tanada, inda sashe na 3 ya yi maganar maslahar yaro, sashe na 12 kuma ya ba shi haƙƙin a saurare shi.

Abin da zan ƙara shi ne kada yarinyar ta fara jin shawarar a cikin ɗakin kotu. 'Yar sa-kai ta je wurinta kafin ranar zaman, ta zauna da ita, ta gaya mata da harshen da ya dace da shekarunta cewa za ta faɗa wa alƙali tana son komawa gida, kuma ita a nata ganin lokaci bai yi ba tukuna, ga dalilinta. Yarinyar tana iya yin fushi, tana iya ƙin yi mata magana a ziyara ta gaba, kuma duk da haka 'yar sa-kai ta je ziyarar a ranar da ta ce za ta je.