Filin Tambayoyinku: Aladuna na ta haki, bitamin zai cece su?

TAMBAYA: Likita, sannu da aiki. Ina kiwon aladu a Numan, jihar Adamawa. Ina da uwaye uku, ɗaya tana shayar da 'ya'ya tara. Tun shigowar watan Maris suka rage ci, sai kwanciya da haki, nonon mai jegon ma ya ja baya. Mai shagon magani ya ba ni garin bitamin na kaji, ya ce in riƙa zubawa a ruwansu. Yau kwana goma, shiru. In ƙara yawansa ne ko in canza wani? Daga wata uwa mai kiwo, Numan.

AMSA: Yawwa Mama, sannunki da ƙoƙari. Kada ki ƙara. Kafin mu zo kan bitamin, ki leƙa ɗakin aladun nan da ƙarfe biyu na rana, ki tsaya minti biyar a ciki. In rufin kwano ne kuma ya yi ƙasa, kin ga tushen ciwon da idonki.

Alade ba ya zufa yadda mutum ke yi. Haki da birgima cikin taɓo su ne hanyarsa ta huce jiki. Uwa mai shayarwa tana jin daɗi ne a wajen digiri 18 zuwa 20, alhali bazarar bakin Binuwai takan haura 40. To ita dabarar jikinta ita ce ta rage ci, domin narkar da abinci ma zafi yake haifarwa. Abinci ya ragu, nono ya ragu, 'ya'ya su rame. Babu garin da zai gyara wannan muddin tana kwance ƙarƙashin kwano mai zafi.

Sai ki shimfiɗa ciyawa ko zana a kan rufin, ki buɗe wa iska hanya. Mai jego takan sha lita 20 zuwa 30 a yini, a bazara ma fiye da haka, kuma ruwan da ya wuni a rana ba za ta sha shi sosai ba. Ki riƙa jiƙa mata wuya da kafaɗu, amma ki kiyaye 'ya'yan, su a kwanakin farko ɗumi suke so. Abinci kuwa da sassafe da bayan faɗuwar rana. Ki rage dusar burukutu da ta shinkafa, ki ɗan ƙara waken soya da manja kaɗan, domin mai yana ba da ƙarfi ba tare da dafa jiki sosai ba.

Yanzu ga bitamin, kuma ba raina shi nake ba. Idan zafi ya matsa, jini yakan koma fata, hanji ya rasa rabonsa, bangonsa ya raunana. A nan bitamin E tare da sinadarin siliniyom ke taimakawa wajen kare ƙwayoyin jiki. Shi bitamin C alade na ƙera nasa a hanta, shi ya sa ƙara shi wani lokaci a ga amfani, wani lokaci ba a gani. Ga shi da saurin lalacewa: in kin dama shi da safe ya wuni a rana, kafin la'asar ƙarfinsa ya tafi. In za ki ba su, ki dama daidai abin da za su shanye nan take.

Ni na fi son ki nemi firimis na aladu, wato garin da aka haɗa bitamin da sinadarai irin su siliniyom a cikinsa, ki cuɗa a abinci. Yawanci gram 250 ne cikin kilo 100, amma ki bi abin da aka rubuta a jikin buhun, domin siliniyom in ya yi yawa guba ne. Ki duba ranar ƙarewarsa, ki ajiye shi a inuwa. Na sha ganin buhun da ya shekara a shago mai zafi ana sayar wa mata masu ƙaramin jari, abin yana ci mini rai. Ki kuma karanta takardar garin kajin nan, wasunsu haɗe suke da maganin kashe ƙwayoyin cuta, bai kamata a yi ta ba dabba ba dalili ba. Baɗi kuma ki fara firimis tun watan Fabrairu, kafin zafi ya kama su.

Abu ɗaya nake roƙon ki. In kin ga alade ya ƙi ci ko da sanyin asuba, kunnuwa da ciki sun yi ja ko shuɗi, ko ɗaya ya mutu farat ɗaya, wannan ya wuce zafin rana. Yana iya zama zazzaɓin aladu na Afirka, wanda ya shigo Najeriya a 1997 kuma ba shi da magani. Kada ki sayar, kada ki yanka, ki hana baƙi shiga ɗakin, ki kira likitan dabbobi na ƙaramar hukumarku a ranar, shi zai ɗebi jini ya aika cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta ƙasa da ke Vom, jihar Filato, a gwada.