Amsar tambayar ƙaninmu: in elf ya auri 'yar Adam, me za a haifa?

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da dare. Ƙanena, na ji muryarka tun da rana, ina cikin kasuwar Taminus ne hayaniya ta hana ni amsawa. Ka ce a gem ɗin Skyrim in elf, wato halittar almara mai kama da mutum, ya auri 'yar Adam me za su haifa, kuma a ganinka tunda kunnuwansu dogaye ne, suna yin shekaru ɗaruruwa, to halitta ce daban kamar akuya da tunkiya. Ka ba ni aron kunnenka, don maganar nan ta daɗe tana ci mini rai.

Ka san alfadari, ko? Ɗan jaki da goɗiya. Doki yana da kuromozom 64, jaki 62, shi alfadari ya fito da 63, ba su rabuwa biyu daidai, shi ya sa da wuya ƙwarai ka ji alfadari ya haihu. Ma'aunin da aka koya mana a sakandare ke nan: in biyu suka haifi ɗa, ɗan shi ma ya haihu, to jinsinsu ɗaya.

To ɗauki ma'aunin nan ka auna Breton. A cikin ƙabilu 10 da kamfanin Bethesda ya ba ka zaɓi tun fitowar gem ɗin a 2011, su Breton kaf ɗinsu ruwa biyu ne. Kakanninsu mutanen ƙasar High Rock ne da elf na gidan Direnni waɗanda suka mulke su. Shi ya sa sihiri bai cika kama su ba, jinin ne. Kuma ga su al'umma guda, da sarakunansu da biranensu, suna ta hayayyafa. Alfadari ya taɓa kafa gari? Ka ga ashe elf da mutum a wannan duniyar ƙabilu ne kawai. Har Orc ɗin da kake gani da haure, asalinsa elf ne, Orsimer ake kiransu.

Akwai wani ɗan littafi a cikin gem ɗin kansa da ya ce ɗa yakan biyo ƙabilar uwarsa, sai ɗan kamannin uba. Wato amsarka kai tsaye: in uwar 'yar Adam ce, ɗan mutum ne. Mu nan gida akasin haka muka sani, ɗa na uba ne, garin ubanka shi ne garinku ko ba ka taɓa taka shi ba. Inda maganarka take da ƙarfi shi ne Khajiit, masu kama da kyanwa, da Argonian, masu kama da ƙadangare. Littafin ya ce an sha jin labari, amma ba a tabbatar da ɗa ko ɗaya tsakaninsu da mutane ba. Argonian ƙwai suke sakawa. Khajiit kuwa siffarsu tana bin yadda watanni biyun da ke samaniyar duniyarsu, Masser da Secunda, suka tsaya ranar haihuwa, wani ya fito kamar kyanwar gida, wani yana tafiya da ƙafa biyu, alhali uwa ɗaya.

Amma wanda ya fi taɓa ni gem ɗin Dragon Age ne, na kamfanin BioWare, 2009. Can duk ɗan da elf da mutum suka haifa mutum ne, ko kunnen ba ya ɗaukowa. Elf kuma su ne marasa galihu, an killace su a unguwa guda a bayan katanga. Saboda haka duk auren da aka yi da mutum, a wurinsu an rage musu rai ɗaya ne. Yaron ya je wajen dangin uwa a ce ba nasu ba ne, ya je wajen dangin uba a ce ai ɗan elf ne. Wallahi ranar da na gane wannan sai da na ajiye fad ɗin, wato abin sarrafa gem, na yi shiru.

Da yawanku kun sani, babana Bahaushe ne, mahaifiyata Birom ce. Ina yaro aka yi rikicin Satumban 2001, daga nan garin nan namu na Jos ya rabu, kowa da unguwarsa. Na girma ana tambayata, kai na wane ɓangare ne? A can wajen kawunnaina ni Bahaushe ne, a nan kuma wani ya ce ai ruwa biyu ne. Alhali duk ɗan Adam jinsi ɗaya ne, babu alfadari a cikinmu. Shi ya sa da Baldur's Gate 3 ya fito a 2023, ban yi shawara da kowa ba na zaɓi rabin elf, irin su Shadowheart, ɗaya daga cikin jaruman gem ɗin. Karo na farko ke nan da na ga gem ya ba irina gurbi na kansa, ba a tura shi gidan uwa ko gidan uba ba.

Abin da ya sosa mini rai, masu wasan Dungeons & Dragons, wanda a kan dokokinsa aka gina Baldur's Gate 3, a sabon kundinsu na 2024 sun daina kiran waɗannan al'ummu da kalmar launin fata, suka koma kalmar jinsin halitta, sannan suka cire rabin elf da rabin Orc daga jerin. Na fahimci niyyarsu, tsohuwar kalmar tana da mummunan tarihi a Amurka. Ni ma kalmar "rabi" ba ta yi mini daɗi, ni ba rabin kowa ba ne. Amma da gyara sunan suka yi, da ya fi share mutumin gaba ɗaya.

Ƙanena, in ka ci karo da littafin nan a Skyrim ka buɗe shi, har maki ɗaya yake ƙarawa a sihirin warkarwa. Ran Asabar in an kawo wuta ka zo gida da fad ɗinka, in nuna maka unguwar elf ta birnin Denerim a Dragon Age ka gani da idonka. Sai da safe.