Abin da ke kai mu kallon mujiya a Central Park

Yaya, ka tambaya ko da gaske ne yaranmu na New York har fita suke yi takanas don kallon mujiya, mu iyaye kuma muna raka su. Da gaske ne, sai dai ba kowane gida ba. A Bronx akwai dattawanmu, 'yan Nijar da 'yan zangon Ghana da namu na Najeriya, waɗanda har gobe in aka ambaci mujiya sai sun yi a'uziyya. Ba mai yi musu dole. Mu da ke zuwa mun riƙe hadisin da ya kore camfi da tsuntsu, har mujiyar aka ambata a ciki.

Yara ne suka jawo mu. A makaranta suke jin labarin, su dawo gida suna naci.

Central Park fili ne mai eka 843 a tsakiyar Manhattan, tsuntsaye sama da iri 200 ke ratsa shi a shekara. Mu ta Harlem muke shiga, ɓangaren North Woods ya fi mana kusa. Hunturu ne lokacin mujiya, ganye ya kakkaɓe, ana iya hango ta maƙale da jikin bishiya tana gyangyaɗi. Wurin yana da ladabinsa: ba hayaniya, ba matsawa kusa, ba haska mata fitila. In ka ga mutane sun yi cirko-cirko da madubin hangen nesa, tsaya gefe, wani zai nuna maka reshen. Sau da yawa ma ƙananan tsuntsaye ne ke tona mata asiri, su taru suna tsangwamarta, yadda ka saba gani a gida.

Shaho shi ba ya ɓuya. Akwai wani mai jan wutsiya da suka laƙaba wa Pale Male, ya yi sheƙa a jikin wani bene na Fifth Avenue. Da aka cire sheƙar a Disamba 2004, jama'a suka yi ta zanga-zanga har aka bar shi ya sake gini.

Wadda ta taɓa mu ita ce Flaco, ƙatuwar mujiyar da ta kuɓuce daga gidan namun dajin Central Park a Fabrairu 2023. A keji ta tashi, amma ta koyi kamun ɓera da kanta, ta shekara a sake. A Fabrairu 2024 ta yi karo da gini ta mutu, bincike ya gano gubar ɓera a jikinta da wata cuta ta tantabaru. Ɓera ya ci guba, tsuntsu ya ci ɓeran. Yaya, gidajen hayarmu ɓeraye sun addabe su, gubar nan mu ma muna zubawa. Tun lokacin a gidana tarko muke ɗanawa, muna toshe ramuka, kuma ina faɗa wa maƙwabta dalili.