Wai da Faransa ce ta riga Ingila zuwa Ostiraliya fa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, ya aiki ya iyali. Ni ɗalibi ne a nan Gombe, a majalisarmu ta Jekadafari gardama ta kaure, wani abokinmu ya dage wai da kwana kaɗan Ingila ta riga Faransa zuwa Ostiraliya, ba don haka ba da yanzu Faransanci suke yi kamar 'yan Nijar. Gaskiya ne ko shaci-faɗi? Kuma da hakan ta faru ya kudancin duniya zai kasance?

AMSA: Wa'alaikumussalam ƙanena. Abokin naku bai yi ƙarya ba, rabin labarin dai ya ji. Jiragen ruwa 11 na Ingila ƙarƙashin Arthur Phillip sun isa Botany Bay da ke gabashin Ostiraliya tsakanin 18 da 20 ga Janairun 1788, sai ga Bafaranshe La Pérouse ya shigo da jirage biyu ranar 26. To amma shi Phillip fursunoni ya kwaso da sojoji da iri da dabbobi, zama ya zo yi, shi kuwa La Pérouse yawon bincike da zana taswira sarki Louis na 16 ya aike shi, ko da ya riga su da wata guda ruwan sha da itace zai ɗiba ya ƙara gaba. Haka ma aka yi, ya tashi a watan Maris, jiragensa suka tarwatse a tsibirin Vanikoro, shekara na zagayowa juyin juya hali ya ɓarke a Faransa kowa ya shiga ta kansa.

In gardamar yake so ya ci, ga inda ya kamata ya kama. A 1772 wani hafsan ruwa, Saint-Allouarn, ya isa tsibirin Dirk Hartog da ke yammacin Ostiraliya, ya sa aka binne kwalba da 'yan kuɗi, wai shaidar ƙasar ta zama ta sarkin Faransa. Ya mutu a shekarar, ba wanda ya bi sawu, sai a 1998 aka tono kuɗin. A Niyu Zilan ma haka, Faransawa 'yan ƙaura suka iso Akaroa a watan Agustan 1840 suka tarar tuni Ingila ta sa hannu da sarakunan Maori a yarjejeniyar Waitangi tun Fabrairu, har yau dai wasu titunan garin sunan Faransanci ne da su. Kai har inda Rio de Janeiro take a Birazil sun kafa sansani a 1555, Fotugal ta gama fatattakarsu a 1567.

Ka ga abin ya maimaitu da yawa, ba za a ce rashin sa'a ba ne kullum. Ni a ganina abu biyu ne. Bafaranshe ba ya son barin gida, wajen 1760 mutanensu a Kanada ba su wuce 70,000 ba alhali na Ingila a Amurka sun haura miliyan. Sannan teku a hannun Ingila take, balle bayan yaƙin Trafalgar na 1805, shi ya sa a 1810 ta ƙwace tsibirin Morishus daga hannun Faransa kamar yadda ta ƙwace Kanada a baya. Garin da Faransa za ta kafa a Ostiraliya a lokacin Napoleon da wuya ya kai labari.

Amma mu ɗauka ta dace. Inda na fi ganin zai yiwu shi ne yamma, don Ingila ba ta kai sojoji can ba sai 1826, kuma tsoron Faransa na cikin abin da ya kai ta. Da an raba nahiyar biyu da layi a kan takarda, gabas Turanci yamma Faransanci, irin yadda Bakatsinen Jibiya da ɗan'uwansa na Maraɗi suka wayi gari ɗaya na kirga sule ɗaya na kirga dala. Da zinaren Kalgoorlie da aka gano a 1893 da taman ƙarfen Pilbara sun faɗa aljihun Faransa, wannan kam ba ƙaramin abu ba ne.

Su kuma masu ƙasar na asali fa, da majalisarku ba ta ambata ba? Nan ba sai mun yi hasashe ba. Faransa ta kama tsibirin Niyu Kaledoniya da ke teku gabas da Ostiraliya a 1853, daga 1864 ta fara jibge fursunoni kamar dai yadda Ingila ta yi, aka kore 'yan ƙabilar Kanak daga gonakinsu aka killace su a 'yan yankuna, suka yi bore a 1878 aka murƙushe su aka yanke kan jagoransu Ataï aka tafi da shi Faris, sai a 2014 aka maido. Har gobe tsibirin na hannun Faransa da ma'adinin nikel ɗinsa, a watan Mayun 2024 ma an yi tarzoma a kan dokar zaɓe an rasa rayuka. A tsibiran Folinesiya kuma ta yi ta gwajin bam ɗin nukiliya daga 1966 har 1996.