Takardar Bashin Wani A Ƙofar Shagona

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina sayar da wake da gero a kasuwar Mile 12 da ke Legas, wata takwas ke nan da kama shagon. Tun shigata ake kawo takardu daga wani ƙaramin banki da sunan mutumin da ya tashi kafin ni, wanda ko a hanya ban san shi ba. Makon jiya mutum biyu suka zo, suka ce ko in fito da shi ko su garƙame shagon. Maƙwabta na cewa in ba su ɗan wani abu su rabu da ni. Yaya zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji. Kada ka ba su ko sisi. Bashi yana wuyan wanda ya ci ne da wanda ya tsaya masa, ba ya bin bango ko ƙofa. Na san maƙwabtanka zaman lafiya suke nema maka, amma ranar da ka miƙa dubu biyar za a rubuta cewa an biya daga wannan shago, kuma wata mai zuwa sai sun dawo. Haka kuma kada ka sa hannu a wata takarda, ko da sun ce shaidar karɓa ce kawai. Lambar BVN da ta NIN kuwa, ba ruwansu da su.

Takardun da ke zuwa, kada ka buɗe, kada kuma yara su ƙunshe gyaɗa da su. Rubuta a bayan ambulan cewa mai sunan ya tashi, ka sa kwanan wata, ka ɗauki hoto da wayarka, sannan ka mayar wa wanda ya kawo.

Abin da na fi so ka yi a wannan makon shi ne ka sa a rubuta maka wasiƙa da Turanci zuwa ga bankin. Layi biyar sun isa: sunanka, ranar da ka kama shagon, cewa ba ka san mutumin ba, kuma a cire adireshinka daga fayil ɗinsa. Haɗa da kwafin takardar haya da rasit ɗin mai shago. Ka kai kwafi biyu, su buga hatimi a ɗaya ka dawo da shi. In shugaban layinku zai raka ka, ya fi, domin baƙo ba ya yi wa mai jama'a ihu.

Maganar garƙame shago barazana ce. Mai bin bashi ba shi da ikon sa kwaɗo ko ɗaukar kwano ɗaya na wake sai da hukuncin kotu, kuma ma'aikacin kotu ne ke zartarwa. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta hana kama mutum saboda bashi zalla, ta kuma hana kama wani a madadin wani.

Inda hankalina bai kwanta ba wuri ɗaya ne. Idan bankin ya kai ƙara ya yi nasara, adireshin da ke hannun kotu shagonka ne, ma'aikacinta kuma bai san buhun wa ke ciki ba. Doka ta ba ka damar shigar da iƙirarin cewa kayan naka ne, amma kafin a gama, wake ya kwana a hannun hukuma, ƙila ƙwari sun shiga. Shi ya sa rasit ɗin sari da takardar motar da ta sauke maka kaya daga kasuwar Dawanau ta Kano suke da daraja yanzu. Adana su a gida, hotonsu a waya. In ka wayi gari ka ga an manna sammaci a ƙofa, kada ka yage. Ɗauke shi ka je wurin magatakardan kotun da ke rubuce a jiki, da wasiƙarka mai hatimi, ko ka nemi lauya a ranar.

Idan suka ci gaba da damunka, ƙaramin banki mai lasisi yana ƙarƙashin Babban Bankin Najeriya (CBN), wanda ke da sashen kare masu hulɗa da bankuna. In kuma masu ba da rance ta manhajar waya ne, hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, wato FCCPC, za ka kai wa kuka.

Ka ja kunnen yaron shagonka tun yau. Sau da yawa suna zuwa ne lokacin da maigida ya tafi sallar azahar. Ya ce musu kawai, "Alhaji ba ya nan, ku dawo," kada ya karɓi biro.