Filin Tambaya da Amsa: Injin jirgin mahaifina ya shekara huɗu a zaure

TAMBAYA

Assalamu alaikum Baba. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya bar mana injin jirgin ruwa, Yamaha Enduro mai doki 40. Tun rasuwarsa yake jingine a zaure, shekara huɗu ke nan. Ina so in tashe shi in riƙa fito tsakanin Zamare da Rofiya, amma kuɗin hannuna kaɗan ne. Wani bakanike, ko murfin bai buɗe ba, ya ce sai an sauya fistin da ringi da kafireta, a kuma yi masa fenti. Zan iya gyara shi da kaina a gida? Da me zan fara?

Daga wani matashi a Yawuri, Jihar Kebbi

AMSA

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya gafarta wa mahaifinka. Wanda ya yanke wa inji hukunci bai ɗaga murfi ba, aljihunka ya duba. Kada ka sayi komai tukuna. Akwai gwaji uku da ba za su ci maka ko kwabo ba, su ne za su gaya maka ko injin nan ya cancanci a kashe masa kuɗi.

Kafin komai, kada ka ja igiya. Na san hannunka na ƙaiƙayi, amma injin da ya shekara huɗu a ajiye cikinsa a bushe yake, ringi na iya liƙewa, kana fizga ka karce bangon silinda. Kwance fulogi biyun, ka zuba man inji mai bugu biyu kamar cokali ɗaya a kowane rami, ka kwantar da injin yadda ramukan za su kalli sama, ka bar shi ya kwana. Da safe ka kama faifan ƙarfen nan na sama da igiya ke juyawa, ka murza shi da hannu ta yadda hannun agogo ke tafiya. Idan ya juya sumul, alhamdu lillahi. Idan ya cije, ƙara mai, ƙara haƙuri, ka riƙa motsa shi gaba da baya kaɗan-kaɗan. Ban da guduma, ban da dogon ƙarfe.

Gwajin farko shi ne matsin silinda, kuma shi ne babba. Je wurin bakaniken mota ka ari gejin auna matsi, bakinsa ya dace da ramin fulogin injinka. Fulogi biyun suna waje, ka zare mukullin kashe inji don kada wuta ta yi tartsatsi, ka buɗe totur gaba ɗaya, ka ja igiya da ƙarfi sau huɗu ko biyar har allurar ta daina hawa. Rubuta lambar, ka koma silinda ta biyu. Abin da kake nema shi ne kowace ta haura 100 a ma'aunin psi, kuma tazarar da ke tsakaninsu kada ta wuce kashi 10 cikin 100. Idan ɗaya ta ba ka 120 ɗaya 115, manta da zancen fistin da ringi, ka riƙe kuɗinka. Idan ɗaya ta ba ka 120 ɗaya 80, akwai magana. Ko a nan ma kada ka yi saurin karaya, wani lokaci gaskit ɗin kan inji ne ya ƙone, kuma shi ba shi da tsada. Buɗe kan ka haska da tocila. Bango mai santsi, sai ka sauya gaskit ka sake aunawa. Bango mai zurfin karce wanda farcenka ke maƙalewa a ciki, wannan ya wuce aikin tsakar gida, sai mai injin gyaran silinda, kuma a nan ne za ka zauna da 'yan'uwanka ku yi lissafi ko ku gyara ko ku sayar da shi a matsayin kayan gyara.

Na biyu wuta. Maida hular waya kan fulogi, ka jingina gindinsa da jikin inji, ka maida mukullin kashewa, wani ya ja igiya. Kana son tartsatsi shuɗi mai ƙara. Idan babu, kada ka bari a tura ka sayen akwatin CDI, wato mai tura wuta zuwa fulogi, nan take. Injin da ya daɗe a zaure, ɓera ya fi kowa saninsa. Bi wayoyi ɗaya bayan ɗaya, ka goge mahaɗarsu, ka duba makunnin kashe inji, don sau da yawa shi ne yake tsatsa ya riƙa kai wutar ƙasa.

Na uku man giya, can a ƙafar inji kusa da farfela. Akwai noti biyu, na sama da na ƙasa. Ajiye kwano, ka kwance na ƙasa sannan na sama. Mai baƙi ko ruwan zuma, tsufa ne kawai. Idan ya fito fari-fari kamar an dama shi da madara, ruwa ya shiga, wato sil, zoben robar da ke hana ruwa shiga, ya mutu. Idan kuwa ka murza shi a yatsa ka ji ɓarɓashin ƙarfe, haƙoran giya sun fara cinye juna. Cire farfela ka leƙa bayanta. A ruwanku na Yawuri, inda kalli da mamari suka cika ko'ina, kusan kullum za ka tarar da zaren koma ya naɗe a sandar ya yanke sil. Sauya sil ɗin, sannan ka ɗura sabon man giya mai lamba 90. Ta ramin ƙasa ake ɗurawa har sai ya ɓullo ta na sama, a toshe na sama kafin a zare robar man a toshe na ƙasa da sauri. Masu zubawa ta sama suna barin iska a ciki, su ɗauka ya cika alhali rabi ne.

Idan ukun nan sun yi kyau, to yanzu ne za ka taɓa aljihu, kuma abin da za ka fara saya ƙaramar roba ce mai fukafukai da ake kira impela. Ita ke jan ruwan kogi ta tura shi ya sanyaya inji. Ba na son ka duba ta ka ce ai da sauranta. Roba ce, ta shekara huɗu a lanƙwashe wuri ɗaya, ta bushe, ranar da za ta karye kuwa tsakiyar Kwara za ta zaɓa. Gutsattsarinta su toshe hanyar ruwa, inji ya yi zafi, fistin ya kama, sai ka koma sayen abin da bakaniken nan ya lissafa maka tun farko. A nan ne kawai zan ce ka rufe ido ka sayi ta asali, araha ba ta ado. Ɗauki hoton farantin lambobi da ke jikin maƙalin injin ka tafi da shi shago, don Enduro 40 iri-iri ne, mai lamba 66T daban da tsofaffin masu 6F5 ko 6F6, kayansu ba duka suke shiga juna ba.

Wajen sauke ƙafar inji, ka fara raba sandar sauya giya, in ba haka ba za ka yi ta ja ba ta fita. Notocin ƙarfe ne a cikin alminiyam, sun daɗe tare, sukan ƙi rabuwa. Jiƙa su da mai, ka ɗan buga kansu, ka kwance kaɗan ka ɗaure kaɗan. Noti ɗaya da ya karye a ciki ya fi impelar tsada. Akwai wani ɗan mukullin ƙarfe mai siffar rabin wata da ke riƙe impela a jikin sanda, shimfiɗa tsumma a ƙasa don in ya faɗa cikin yashi ka yi sallama da shi. Lokacin maida murfin famfon, ka riƙa juya sandar ta hannun agogo kana dannawa, fukafukan su kwanta ta inda ya kamata. Giris a gefen haƙoran sanda ake shafawa, ban da samanta.

Kafireta kuma wanki take so, da wuya a ce sai sabuwa. Tsohon fetur ne ya bushe ya zama danƙo ya toshe ƙananan ramuka. Yi ta ɗaukar hoto da wayarka kana kwancewa. Kafin ka cire sukurun silo, mai daidaita aikin inji idan ba a buɗe totur ba, murza shi ciki a hankali kana ƙirga zagaye har ya tsaya, ka rubuta, don ka maida shi daidai. Jet, ɗan notin nan mai ƙaramin rami da fetur ke bi, na tagulla ne, mai laushi, kada ka zura masa allura ko wayar ƙarfe ka faɗaɗa ramin. Jiƙa, ka hura da famfon keke har ka ga haske ta ciki. Dalilin da ya sa nake matsa maka a nan: a irin wannan inji, man da ke shafe fistin a cikin fetur yake tafiya. Ramin da ya toshe rabi yana rage fetur, yana kuma rage mai, inji ya yi ta gudu yana cin kansa ba ka sani ba. Wanke tanki, ka sauya tiyo da ƙwallon matsa fetur idan sun tsage, ka sa sababbin fulogi masu lamba ɗaya da waɗanda ka cire. Murfi, hannun tuƙi, farfela, igiya, duk waɗannan na hannu sun wadatar, kanikawan bakin ruwa ba sa rasa mataccen inji da ake cire wa kaya. Amma duk abin da yake roba ko gaskit, sabo.

Ranar tayarwa, ka cika duro da ruwa har ya rufe ramukan shan ruwa da kamar taƙi ɗaya. Kada ka taɓa tayar da shi a bushe ko don ka ji ƙararsa, impela na ƙonewa cikin daƙiƙu. A fili za ka yi, nesa da murhu, yara su matsa, giya na firi. Yana kamawa ka dubi ruwan da yake tsartowa ta baya. In bai fito ba, kashe.

Fitar farko kai da mutum ɗaya, babu fasinja, da filafili da gora. Ka nufi sama, inda ruwa ke gangarowa, don idan ya mutu ruwan da kansa ya dawo da kai gida. Kuma tunda fito za ka yi, ka tuna tafkin Kainji tun da aka gama madatsar a 1968 ya shanye dazuzzuka, kututture na nan a ƙarƙashi. Ba sai na tuna maka jirgin da ya nutse kusa da Wara a watan Mayun 2021 ba, mutanen yankinku ne. Sabon ƙarfin inji ba ya ƙara wa jirgi wurin zama. Hukumar NIWA, mai kula da hanyoyin ruwa na cikin gida, ta hana tafiyar dare, ta kuma wajabta rigar ceto, ka sa kuɗin rigunan a lissafinka. Fenti kuwa, in an samu riba bayan damina.

TAMBAYA

Malam, man haɗi ya yi tsada. Abokan sana'ata suna zuba baƙin man mota a fetur, wasu ma wanda aka juye daga mota. Injinsu na tafiya. Ni ma in yi?

Daga wani masunci a Nguru

AMSA

A'a, ɗan'uwa. Yana tafiya yau, ka tambaye su sau nawa suke goge fulogi a mako. Man mota ba a yi shi don ya ƙone ba, yana barin toka da gawayi, su liƙe ringi su toshe mafitar hayaƙi. Wanda aka juye kuwa har da garin ƙarfe a ciki. Ko man babur mai bugu biyu ba shi ne daidai ba, don an yi shi ne domin injin da iska ke sanyayawa, wanda ya fi naka zafi. Nemi wanda aka rubuta TC-W3 a jikin robarsa.

Awon da aka fi amfani da shi kashi 1 na mai ne a kashi 50 na fetur, sai in takardar injinka ta faɗi wani abu daban. Wato rabin lita a jarka mai lita 25, ko mililita 20 a kowace lita. Idan an sa sabon ringi, ninka man a sa'o'i goman farko, lita ɗaya a jarkar, kuma kada ka buɗe totur duka. Fara zuba man da ɗan fetur ka girgiza, sannan ka cika. Awon ido shi ke cinye muku kuɗi, wani ya yi yawa ya jiƙa fulogi, wani ya yi kaɗan ya ƙona fistin. Yanke robar ruwa ka yi mata alama a inda rabin lita ya tsaya, ka ɗaure ta a jikin jarkar.

Ku da kacalla ta cika muku ruwa, duk lokacin da ka ratsa ciyawa ka tsaya ka ɗaga ƙafar inji ka share ramukan shan ruwa.

TAMBAYA

Injina mai doki 15 ya suɓuce ya faɗa ruwa, mun ciro shi bayan kamar awa ɗaya. Na shanya shi a rana kwana uku ke nan. Yaushe zan tayar?

Daga wani mai karatu a Shiroro

AMSA

Shanyar nan ita ce ɓarnar, Alhaji. Tsatsa ba ta kama ƙarfen ciki sosai sai an fito da shi iska ta taɓa shi, don haka injin da ya nutse a ranar ake so a tashe shi. Yanzu ka yi sauri. Cire fulogi, ka juya ramukan ƙasa, ka murza faifan sama da hannu ruwan ya fita. Idan ka ji ƙaras-ƙaras na yashi, ko ya cije a wani wuri, tsaya, sai an buɗe shi, musamman in yana aiki lokacin da ya faɗa, don ruwa na iya lanƙwasa sandar fistin. Idan yana juyawa lafiya, zuba man haɗi ta ramin fulogi da ta bakin kafireta, ka yi ta juyawa, ka zubar, ka sake. Zubar da abin da ke cikin kafireta, ka busar da wayoyi, ka haɗa sabon fetur mai ninkin mai, ka tayar a duro ko a bakin ruwa ya yi aiki kamar rabin awa zuwa awa, zafinsa ya kori sauran danshi. In ka ji wani sabon gurnani daga ciki bayan 'yan kwanaki, boris ne tsatsa ta ci, kai shi wurin bakanike kafin ya fashe.

Don kada ya sake faɗawa, ka sani notocin maƙali biyun nan da ke riƙe inji a jikin jirgi, girgiza ke kwance su a hankali. Ka riƙa ɗaure su duk safiya, ka kuma ɗaure injin da igiya mai ƙarfi ko sarƙa a jikin jirgi.